Boksin da ke Ƙwanƙwasa da Asuba

A ƙauyenmu da ke gaɓar kogi, kudu da Suki, motoci uku ne kawai a shekarun da nake magana, wato wajen ƙarshen casa'in. Biyu manyan lori ne masu kai dawa Damazin da kaka. Ta ukun farar a-kori-kura ce, wadda a nan muke ce wa boksi, ita ce ke kai mutane da kayan lambu kasuwa kowace safiya in ban da Juma'a. Ƙanena ne yake tuƙa ta. Ba tasa ba ce. Ta surukinsa ce, uban matarsa, wani dattijo mai lambu a bakin kogi wanda duk gari ke kira Alhaji.

Alhaji mutum ne da ba ya yar da komai. Ƙusa in ta lanƙwashe zai miƙar da ita a kan dutse ya ajiye. Yana da injin ban ruwa wanda ya girmi aurena, kuma ban taɓa jin an ɗauko masa bakanike daga gari ba. Shi yake kwance shi, ya wanke, ya ɗaure. Don haka da ya sayi boksi ya damƙa wa mijin 'yarsa, sharaɗi ɗaya ya kafa. Kowace Alhamis da yamma a kai motar ƙofar gidansa ta kwana har Asabar, kuma canjin man inji aikinsa ne, ba na kowa ba. Ƙanena yakan sayo mai da sabuwar matatar mai daga Suki, misfa muke ce mata, ya bar su a kujerar gaba. Ran Asabar ya tarar an yi aiki, an goge ko'ina tas.

Tsakanin su biyun akwai kunya irin ta da. Ba sa cin abinci a kwano ɗaya, ba sa doguwar magana. In Alhaji yana da saƙo mai nauyi, ni yake kira, don ni ne babba tun rasuwar mahaifinmu. Ni kuwa ban san komai a mota ba. Aikina karantar da yara da safe, noma 'yar gonata, da rubuta wa mutane wasiƙu da ajami zuwa ga dangi a Rufa'a da sauran garuruwa.

Da sanyin wata shekara ne motar ta fara ƙwanƙwasa. Gidana da na ƙanena katanga ɗaya ce ta raba, saboda haka na ji tun ranar farko. Mun dawo daga sallar asuba, ya shiga ya murɗa makulli, sai inji ya tashi da wata ƙara, ƙwas ƙwas ƙwas, kamar ana buga guduma a cikin tukunyar ƙarfe. Jim kaɗan ta ɗauke, inji ya koma muryarsa ta kullum. Washegari haka. Bayan sati guda mata masu kai kuɓewa kasuwa sun fara yin salati kafin su hau.

Ranar da zai kai ta wurin usta, wato babban bakanike a Suki, na bi shi don ina bukatar takarda da ƙaro na tawada. Sai da ya sauke fasinja sannan muka isa garejin, rana ta take. Ustan Bahaushe ne irinmu, amma Larabci ya fi yawa a bakinsa. Ya ɗauko doguwar sukuddireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar. Ya matsa nan, ya matsa can.

Ya ce, "Ina ƙarar? Ko kun baro ta gida?"

Ƙanena ya ce, "Da asuba take yi, usta. In ta yi zafi shiru."

"To ka kawo min asubar in saurara." Ya yi dariya, ya goge hannu a rigarsa. "Ba sai na ji ba, na san ta. Sabayik ne, ƙarafan da ƙashin inji ke juyawa a kansu. Sun cinye. Ku direbobin ƙauye haka kuke, mota ta kwana cikin sanyi, ka tashe ta ka taka totur kamar kura ta biyo ka."

"Ban taɓa taka ta da sanyi ba."

"Kowa haka yake cewa. Sai an sauke inji. Wata guda, in kayan sun samu."

Akwai mutum biyu daga ƙauyenmu a garejin suna jiran a yi wa amalankensu walda. Kafin la'asar maganar ta isa lambun Alhaji, kuma ta yi ƙiba a hanya.

Washegari ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin gwaiba kusa da injinsa, ruwa na gudu a kwalbati zuwa kwamin tumatir. Ya zuba mini gahawa da hannunsa. Alhaji har ya bar duniya da harshen kakanninmu da suka baro Sakkwato yake magana, bai sake shi ba.

Ya ce, "Malam, ƙanenka mutum na mai kirki. Ba ni da abin cewa ga halinai. Amma an ce shi ya kashe injin da ƙahwatai."

Na ce, "An ce, Alhaji."

"Wanda ya hwaɗa usta na. Tumatir na nan tahe, sati biyu a hwara ɗiba. In an hwara, ɗan ƙanena za ya amshi makulli, ya lallaɓa ta har a gama, sannan a sauke inji. Ka gaya mishi. Ka gaya mishi da daɗin baki."

Na sha gahawar don kada a ce na ƙi, amma ban ji ɗanɗanonta ba. Ƙanena ba shi da gona. Motar nan ce ke ciyar da 'ya'yansa huɗu. In ta fita hannunsa, abin da ya rage shi ne ya tafi manyan gonakin da ke bayan Damazin ya tuƙa tarakta, wata uku wata huɗu ba a gan shi a gida ba. Kuma in ya dawo, zai dawo ne a matsayin wanda surukinsa ya karɓe wa makulli, a garin da kowa ya san kowa.

Na isar da saƙon bayan magariba. Ya saurara har na gama, yana murza yatsun ƙafarsa a ƙasa.

Can ya ce, "Yaya, kana da aiki bayan asuba?"

"Yara ba sa zuwa sai rana ta fito."

"Ina so ka riƙa tsaya min. Ni ina kan makulli, hankalina na kan inji. Ina son wanda zai ƙirga min tsawon ƙarar nan, kowace rana, ya rubuta."

Agogona ba shi da hannun daƙiƙa, nasa kuma ya mutu tun bara. Sai na ce zan ƙirga da carbi. Inji na tashi in fara subhanallah, ina jan ƙwaya ɗaya ɗaya, in ƙara ta ɗauke in tsaya in duba inda yatsana yake. Na ɗan yi tunani a kan haka a daren, ko ya dace a mai da tasbihi ma'auni. Na ga ai niyyata ambaton Allah ce a lokacin da aka so a ambace Shi, lissafi kuwa ya biyo baya ne kawai. Na kwanta da wannan.

Na yanki takarda daga cikin waɗanda na sayo, na ja mata layi. A dama sunan rana, sai tsawon lokacin da motar ta kwanta, sai adadin tasbihi. Ranar farko tara. Ta biyu tara. Ta uku, da aka yi sanyi sosai har ruwan alwala na cizon hannu, goma sha ɗaya. Ran Asabar muka taka zuwa ƙofar gidan Alhaji, shi yana masallaci bai gama wuridinsa ba. Motar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Goma sha huɗu na ja kafin ta yi shiru, kuma ƙarar ta ranar ta fi ta kullum kauri.

Maiɗakina tana kallon duk wannan daga bakin murhu. Ran nan na shigo da takarda a hannu ina hura tawada, ta ce, "Malam, yanzu har mota ake yi wa rubutu? In an gama a wanke a ba ta ta sha?"

Na ce, "In ta warke ke za ki fara hawa."

"Ni dai a bar ni da jakina. Shi in ya yi kuka da asuba na san abin da yake so."

Ƙanena ya ƙara mini aiki. Ya ce in bi shi kasuwa kwana biyu, in ƙirga duk lokacin da ya tashe ta da rana. Na bi shi. Ta tsaya rabin awa a tasha, aka tashe ta, babu ƙara. Ta tsaya tun hantsi har azahar, aka tashe ta, ƙwas biyu kawai, ban ma gama tasbihi na biyu ba. Na rubuta. Muna can usta ya wuce ta gabanmu da kofin shayi, ya leƙa takardar. Haruffan ya sani, amma ya kasa haɗa su su ba shi ma'ana.

Ya kira ni yadda ake kiran malami da Larabcin nan, ya ce, "Laya ce, ya faki? Ka rataya mata a madubi. Amma ka bar min wuri a ƙasa in rubuta ranar da za ku kawo ta."

Ƙanena ya yi murmushi.

A hanyar dawowa ya yi mini bayani, a hankali, yadda ake yi wa wanda bai san komai ba. Ya ce in da ƙarafan nan ne suka cinye, ƙarar ba za ta ɗauke ba, za ta ƙaru ne in inji ya yi zafi, ko in mota na hawan tudu da kaya. Ya tsaya a gefen hanya, ya zaro sandar awon mai, ya shafa man a tafin hannuna ya ce in duba a rana. Baƙi ne, amma babu ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Ya ce abin da takardata ke faɗa ɗaya ne: gwargwadon daɗewar motar a kwance, gwargwadon tsawon ƙarar. Wato akwai abin da ke tsiyayewa a hankali in tana tsaye.

Akwai wata 'yar jar fitila a gaban direba mai nuna mai bai hau ba. Ta mutu tun kafin Alhaji ya sayi motar, kowa ya manta da ita. Ƙanena ya cire ƙwan wata fitilar ya sa mata. Da asuba ya ce in tsaya ta taga in kalle ta ina ƙirga. Inji ya tashi, fitila ja, ƙara na yi. A tasbihi na tara fitila ta mutu, ƙara ta mutu tare da ita, kamar hannu ɗaya ne ya kashe su.

Washegari ya gwada wani abu. Ya cire wayar da ke kai wuta ga inji, ya riƙa murɗa makulli inji na juyawa ba ya tashi, har jar fitilar ta mutu. Sannan ya mayar da waya ya tashe ta. Yatsana na kan carbi, ina jira. Babu komai. Inji ya tashi lafiya lau kamar bai taɓa ciwo ba.

Ya ce, "Inji lafiyarsa ƙalau, Yaya. Ƙishirwa yake tashi da ita."

Ran Laraba, kafin ya taɓa makulli, ya shimfiɗa buhu ya kwance misfar. Ya ce in riƙe kwano a ƙasa, don mai zai zubo. Na riƙe. Ɗigo uku ne suka faɗo. Ya jijjiga ta kusa da kunnensa, fayau. Ya nuna mini ƙananan ramuka a bakinta, a bayansu akwai wata roba. Ya ce aikinta ta rufe in an kashe mota, don man da ke sama kada ya koma ƙasa. Ya tsokane ta da tsinke. Ta bushe ƙamas kamar tsohuwar fata, har ta tsage a gefe.

Ya kai ta hanci ya shinshina. Sannan ya juya ta, ya tsaya yana kallon wata 'yar lotsawa a gindinta. Ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Mene ne?"

"Ni na lotsa ta. Ranar da sandar taya ta suɓuce min. Bara war haka."

"Ba duk wata biyu kake sayo sabuwa ba?"

Ya goge ta da tsumma ya mayar da ita inda take, ya ɗaure. Ya juya inji babu wuta har fitila ta mutu, ya tashe ta, ya tafi kasuwa.

Matar ƙanena ba ta zama inda nake, balle ta yi mini doguwar magana. Amma ita da maiɗakina tare suke daka. Da rana ina fiƙe alƙalami maiɗakina ta ajiye mini ruwa, ta ƙi tafiya.

Ta ce, "Wai wani gwangwani kuka kwance da safe?"

"Misfa."

"Shuɗi, mai ramuka a baki? Matar ƙanenka ta ce tun tuni take ganinsa a gidansu. Baban nata yakan cika shi da fetur ya jijjiga, ya zubar, ya sake. Sai ya kife shi a rana a kan tabarmar da ake shanya kuɓewa, yini guda. Sababbin kuma suna cikin akwatinsa na ƙarfe, ko kwalinsu bai buɗe ba. Wai sai ranar da aka rasa a kasuwa."

Sai na gane. Haka yake yi wa matatar injin ban ruwansa shekara da shekaru, don ita waya ce da tsumma, wanki take so. Duk mai lambu a bakin kogin nan haka yake yi, kuma daidai ne. Ba wanda ya taɓa gaya masa ta mota tana da roba a ciki wadda fetur da rana ke kashewa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Da ƙanena ya dawo na tare shi tun bai wanke ƙafa ba. Na ce gobe zan je in faɗa wa Alhaji komai, a gaban wanda duk yake wurin, yadda aka yaɗa laifin a gaban mutane.

Ya ce, "Yaya, kakan 'ya'yana ne."

"Kai kuma ubansu ne. Saura kwana biyar a fara ɗibar tumatir."

"Na sani."

"To ka sayo sabuwa ka sa a ɓoye, ƙara ta mutu, magana ta ƙare."

"Ran Juma'a ya cire ya wanke ta da fetur. Bayan wata biyu mu dawo inda muke. Kuma zai ci gaba da ganin ni na ɓata masa inji." Ya ɗebi ruwa a buta ya zuba a ƙafa. "Takardar nan taka, Baba Alhaji yana karanta ajami. Ka kai masa ran Juma'a da hantsi. Ka ce mun rubuta abin da muka gani, muna neman ya duba mana, don ya fi mu sanin inji. Ba ƙarya a ciki, ya fi mu."

"In rubuta maganar misfa?"

"A'a. Ka tsaya a ranar da muka juya ta babu wuta."

"In bai gane ba fa?"

"In bai gane ba, Allah bai nufa ba. Sai in tafi tarakta."

Na so in yi masa faɗa. Amma na dube shi yana tsane ƙafa da gefen zanensa na aiki, na ga ya riga ya gama shawara, kuma ba don tsoro ba.

Ran Juma'a na sa farar rigata na tafi. Alhaji na zaune a kan gadon igiya a ƙofar gida, boksi na tsaye a inuwar darbejiya inda aka ajiye ta jiya da yamma. Ƙanena ya tsaya can nesa wajen masallaci. Na gaida Alhaji, na faɗi abin da aka ce in faɗa, ban ƙara ba, na miƙa takarda.

Ya sa tabarau. Yana karatu yana bin layi da yatsa, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

Ya ce, "Da mi kuka ƙidaya?"

"Da carbi, Alhaji."

"Madalla." Ya ci gaba da dubawa. "In ta kwana, tara. In ta kwana biyu, sha huɗu. In ba ta jima ba, babu." Ya ɗago kai ya kalli wajen kogi. "Nan kuma kun juya ta babu wuta, sannan kun ka tashe ta, ba ta yi ba."

"Haka aka yi."

"To ai cika mata bututu kun ka yi." Muryarsa ta canza, ta koma irin wadda yake koya wa ma'aikatan lambu aiki da ita. "Malam, kai ba ka da inji, ba ka sani ba. Bututun da ka shiga kogi, ƙarshenai akwai wata 'yar hwata, balf. In an kashe inji ita ka riƙe ruwa. In ta bushe, ruwa ya koma kogi da dare, da sahe inji ya yi ta juyawa a wohi sai an cika mishi da guga. Wanga ba sabayik ba na. Balf na." Ya buga takardar da bayan hannu. "Usta bai san komi ba. Ina balf ɗin mota yake?"

Na ce, "Direba ya fi ni sani."

"Kira shi."

Ƙanena ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, idonsa a ƙasa. Alhaji ya maimaita tambayar yana kallon motar.

Ƙanena ya ce, "Baba, ina jin a cikin misfa yake."

Alhaji ya ce, "Kwance ta."

Aka kwance. Ko ɗigo ba ta zubar ba. Alhaji ya karɓa ya auna nauyinta a hannu. Ya karyo tsinke daga tsintsiya ya tsokani robar, wani ɗan guntu ya ɓalle ya faɗo a cinyarsa. Ya ɗauki guntun ya murza, ya zama gari. Ni na mai da idona kan carbina. Ƙanena kuwa ƙasa yake kallo tun da ya zo.

Alhaji ya tashi ya shiga gida. Muna jin ana jan ƙarfe a kan daɓe. Ya fito da kwali a hannu, sabo fil, ya ajiye a kan murfin mota.

Ya ce, "Ɗaura wagga. Akwai biyar cikin akwati. An yi ma inji ɓarna?"

"Allah ya tsare, Baba. Na duba mai, babu ƙarfe."

"To."

Ƙanena ya shafa mai a bakin sabuwar, ya ɗaura da hannu, ya tashe ta ya bar ta ta yi zafi, ya kashe. Alhaji ya ce kada wanda ya taɓa ta sai gobe, shi ma yana son ya ji da kunnensa. Maganar makulli bai tayar ba, mu ma ba mu tayar ba. Na yini ranar ina addu'a, har a cikin sujadar Juma'a, Allah Ya sa abin da yaron nan ya gani shi ne gaskiya.

Asubar Asabar an yi sanyi. Alhaji ya katse wuridinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya fito lulluɓe da mayafi. Ganin ya fito ya sa mutane suka biyo shi, har da ɗan ƙanen nasa da aka yi wa alkawarin makulli. Mata masu kuɓewa na tsaye da kwandunansu. Ƙanena ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa.

Jar fitila ta ƙifta ta mutu. Inji ya tashi sumul. Muka tsaya muna saurare, ba abin da ake ji sai hucinsa da carar zakaru.

Wani dattijo abokin Alhaji ya ce, "To ka ji. Abin da usta ya kasa, mai lambu ya gano. A gaishe ka, likitan ƙarfe."

Mutane suka yi dariya, wasu na cewa ai dama an sani. Ƙanena na zaune a bayan sitiyari, ya kafa ido a gaba. Da an bar maganar a haka, na san har abada ba zai gyara ta ba.

Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ku dakata, kada in kwashi abin da ba nawa ba ga ƙohwar masallaci. Ni na ɓata ta. Ni ka wanke misfa da fetur, ni ka shanya ta. Surukina shi ya gano, tun kahin ni. Ya san ni na yi, ya aiko min takarda ya bar ni in hwaɗa da bakina." Ya juya wajen ɗan ƙanensa. "Kai, koma ga shanunka." Sannan, a karo na farko da na taɓa gani, ya dubi fuskar mijin 'yarsa kai tsaye. "Jibi tumatir. Akwati arba'in. Ka zo da wuri."

Ƙanena ya ce, "To, Baba."

Mata suka fara miƙa kwanduna. Ya sauko ya taya su ɗaurewa, yana ce wa wata tsohuwa ta matsa da kajinta daga kan buhun wani. Na tsaya har suka tashi, suka bi gefen kwalbati suka nufi Suki. Sannan na juya gida, don rana ta fara fitowa, yara kuma na jirana.